Uwar da Aka Rubuta a Littafin Coci

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, in kun taru a tsakar gida kuna zaton barci nake yi. Wai Inna ba ta damu da Yaya ba, shi ya sa ta ba da ita kyauta. Har Bulus, wanda na goya sai da ƙafafunsa suka fara jan ƙasa saboda ragwantarsa, na ji ya ce zuciyata ta dutse ce. Ban tanka muku ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma yanzu idona ya fara hazo, manyan da aka yi abin a gabansu kuma duk sun riga ni tafiya. Bari in rubuta muku shi yadda ya faru, ku daina yanke mini hukunci ba ku ji ta bakina ba.

Sai na fara da cocin, don a cikinsa aka ƙulla abin. Wannan ginin bulo da kwano da kuke gani a Gagarawa Tasha ba shi muka sani ba. Namu ɗakin ƙasa ne mai jinka, leburorin jirgi da akawunan gyaɗa suka haɗu suka gina shi a bayan tasha tun kafin a kawo ni garin. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ce da aka rataye a darbejiya, ana dukanta da guduma. Cocin Anglikan ne, amma in ka leƙa ran Lahadi sai ka ce kasuwa: ga Ibo, ga Yarabawa, ga mutanen Zariya gida biyu, ga mu Hausawa da muka fito daga cikin Maguzawan kudancin Kano muka biyo aikin dogo. Wani malamin asibiti yakan taho daga Gumel a kan keke, wani ɗan kwastan daga Maigatari, akwai kuma malamin makaranta da aka tura Sule Tankarkar, shi kullum ana tsakiyar wa'azi yake isowa, gumi sharkaf. Maƙwabtanmu duk Musulmi ne, ba ma jin kanmu da su, Fulani masu nono ma a inuwar darbejiyar suke jira mu tashi su yi ciniki. Rabaran kuwa ba mu da namu. Daga Kano ake turo shi a jirgi, bai fi sau biyu a shekara ba, ya yi baftisma, ya ɗaura aure, ya rubuta kome a wani baƙin littafi mai faɗi, a mayar da littafin akwatin katako a rufe sai wani zuwan.

Ku 'yan zamani da kuke ƙwala wa 'ya'yanku na fari kira kamar masu kiran kaji, ba za ku gane yadda aka rene mu ba. A wurinmu ɗan fari ɗan kunya ne. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka sai ta kau da kai har wani ya ce mata, ke, ɗauke shi mana ki ba shi ya sha. Mun bar tsafi, an yi mana baftisma, an ɗora mini Hannatu a kan Ladin da na zo da shi, amma kunya ba a wanke ta da ruwa. Ga kuma kakarku Kande, uwar babanku, gida ɗaya muke. Ita ta shiga coci ne don kada a riƙa barin ta ita kaɗai ran Lahadi, al'adunta kuwa ko ɗaya ba ta zubar a hanya ba.

Malama Rahila matar Malam Istifanus ce, akawun kaya na tasha. Mutanen Zariya ne, cikin coci aka haife su, sun yi makaranta. Doguwa ce mai fara'a, tana da keken ɗinki, ita ke jan waƙa, ita ke koya wa mata karatu. Allah bai ba ta haihuwa ba. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: mutuniyar kirki ce. Da muguwa ce da na huta, don da na san yadda zan yi da ita.

Da na haifi yayarku, ita aka zaɓa uwar baftisma, wato wadda za ta riƙe jaririya a gaban Rabaran ta yi alkawari a madadinta. Rabaran ɗin da ya zo a wancan karo mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, kuma a jirgin yamma zai koma. Jarirai sun taru, ana zafi, yana ta duba agogo. Da aka gama zuba ruwa ya zauna ya buɗe littafi, ya tambayi sunan uba, babanku ya ce Yakubu. Ya ɗaga kai ya ce ina uwar. Aka juyo ana kallona a bencin baya, na ja mayafi na rufe fuska. Wata ta nuna ni da yatsa, ya ce:

"Kai ne mama?"

Ni kuwa na faɗi abin da kowace 'yar mutunci za ta faɗa a gaban surukarta:

"A'a, ba tawa ba ce."

Mata suka fashe da dariya, Kaka ta gyaɗa kai don na fitar da ita kunya. Shi bawan Allah ina ya san wannan? Jirgi ya busa daga nesa, ya dubi wadda ke rungume da jaririya, ya tambayi sunanta, ya rubuta, ya rufe littafi ya ruga. Bayan ya tafi Malam Istifanus ya duba ya ga an sa Rahila a gurbin uwa. Ba a ɓoye ba, kowa ya ji, ya zama abin raha. Maza suka riƙa tsokanar babanku, wai Yakubu da Rahila ai haka yake tun a Littafi Mai Tsarki. Aka ce in Rabaran ya dawo sai ya gyara, tun da ba mai ikon sa alƙalami a littafin sai shi. Bai sake dawowa ba, waɗanda suka biyo bayansa kuma ba wanda ya tuna musu. Ni da ya kamata in tuna, da wane baki?

Da lokacin yaye ya yi, a al'ada gidan kaka ake kai yaro har ya manta da nono. To kakar ga ɗakinta nan yana kallon nawa. Sai aka tsallaka dogo da yarinya aka kai ta gidan Malama, wai ta yi kwana biyu. Kwana biyun nan shi ya zama shekara goma. Na taɓa cewa a hankali ko ba za a dawo da ita ba, Kaka ta ce:

"Ɗa na kowa ne, Ladi. Ba ga shi za ki haifi wasu ba? Ko kuwa so kike a ce kin bi 'yar fari da ido?"

Na haifi wasu, ku ke nan, kuma ba wanda na ƙi a cikinku. Amma ku sani, ba ranar da ta fito ta faɗi ban dubi ƙetaren dogon nan ba. Daga bakin murhuna ina hango ƙofarsu. Ina ganin an zaunar da ita ana yi mata kitso, ina ganin an ɗinka mata riga mai aljihu, an saya mata takalmi alhali ku kuna yawo ƙafa ba kome. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kiran. Rahila tana da murya, in ta kira sunan yarinyar nan har masu awon gyaɗa sai sun ji. Ta kira ta ta ci abinci, ta kira ta ta ɗauko tsintsiya, wani lokaci na rantse ba don kome take kira ba sai don sunan ya yi mata daɗi a baki. Ni na ɗauki ciki, ni na sha wuyar naƙuda, wata ke tauna sunan kamar rake. Yarinya tana ce mata Mama, ni kuwa Inna Ladi take ce mini, yadda 'ya'yan maƙwabta ke faɗa. Ni ma da na rasa yadda zan ambace ta sai na laƙaba mata 'Yar Malama, sunan ya bi gari. Kun ga ke nan da bakina na ƙara miƙa ta.

Ina aika mata ƙuli-ƙuli in ce a ce Kaka ce ta bayar. Shekarar da ta yi ƙyanda na wuni ina zagaya dangarsu wai kazata ce ta ɓata, alhali kazar tana gida a kan ƙwai. A zumuntar mata ta coci kuwa ba abin Rahila da ban kushe ba. In ta kawo tuwo in ce ya yi ruwa, in ta ja waƙa in ce ta ɗauko ta da sama, ba mai iya bi. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce Ladi ba ki da dama. A ajinta na koyi karatu, ta kama hannuna ta koya mini riƙon fensir, ina jin ƙamshin man da take shafa wa 'yata a tafin hannunta. Abin da na fara iya rubutawa ba tare da an nuna mini ba, sunan nan ne. In ina tsugune a bakin murhu sai in zana shi a toka da yatsa, in na ji motsin Kaka in share da ƙafa.

Sai shekarar da gyaɗa ta mutu. An fito daga babban fari ba a gama farfaɗowa ba, ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe, gona guda ba ta cika buhu. Tashar da a da ba ka samun wurin sa ƙafa saboda buhuna ta koma fili, akawun kaya ba shi da kayan da zai rubuta. Aka ce an mayar da Malam Istifanus Zariya. Ya zo da kansa ya zauna da babanku a ƙofar gida, ya ce yarinya ta gama firamare, a can akwai makarantar 'yan mata, suna roƙon a bar musu ita su tafi tare. Ina bayan zana ina ji. Babanku ko numfashi bai ja ba ya ce ai taku ce. Da ya shigo, ya ɗan tsaya kamar zai yi mini magana, Kaka ta riga shi:

"Me za a tambaye ta? Ko an tambaye ta ai ba za ta amsa ba."

A wannan shekarar ce kuma aka zaunar da sabon Rabaran a Gumel, Bahaushe ne, yana da babur, duk Lahadi yana zuwa mana. Ran da ya buɗe akwatin katako ya tarar gara ta shiga littafin, wasu takardun sun zama kamar rariya. Ya kawo sabon littafi ya ce zai kwafe kome, amma ba zai yi shi kaɗai ba. Bayan sujadar Lahadi kowa ya zauna, zai karanta layi-layi da ƙarfi, wanda ya san abin da gara ta ci ya cike, wanda ya ji kuskure ya faɗa. A nan muka ji tarihin cocinmu yadda ba mu taɓa ji ba. Ashe wanda aka fara yi wa baftisma ɗan wani mai ba jirgi ruwa ne. Muka ji jerin yaran da sanƙarau ya kwashe a rani ɗaya, tsofaffi suna share hawaye. Aka yi musu har da ɗaga murya a kan wanda ya ba da ƙyauren ƙofa, don gara ta cinye sunan ta bar kyautar. Da ya iso kan mutanen kudu da suka gudu a shekarar tashin hankali, sai ya karanta suna ya dakata, ba mai amsawa, can sai Baba Ayuba mai buga ƙararrawa ya ce, ya tafi, bai dawo ba. Haka ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe.

Ni kuwa ina zaune ina lissafin layinmu yana matsowa. Na ji da kunnena Rahila tana roƙon Rabaran ya rubuta wa yarinya katin baftisma, wai makarantar ba ta karɓar yaro sai da shi, kuma abin da ke cikin littafi shi ake kwafewa a kan katin. A Gagarawa kowa ya san wasa ne. A Zariya wa ya san Ladi? Can za a buɗe kati a ga uwa Rahila, a dubi Rahila tsaye da yarinya, shi ke nan wasa ya zama gaskiya. Za a aurar da ita a kan haka, 'ya'yanta su tashi a kan haka. Na ce a raina, in littafi ya ce tawa ce, in ga wanda zai hau jirgi da ita.

Ran Lahadin da ya iso kanmu, yarinya tana bencin mawaƙa a gefen Rahila, ni ina baya kusa da Kaka. Ya karanta sunanta, ya ce:

"Uba, Yakubu, leburan dogo. Uwa, Rahila."

Aka kwashe da dariya kamar yadda aka saba. Ya ɗaga kai ya dube mu.

"Me ya ba ku dariya? Akwai gyara ne?"

Malam Istifanus ya yi gyaran murya ya ce, "Baba Rabaran, tsohon zance ne, kowa ya san shi. A bar shi haka ba kome."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kaka ta damƙi gefen zanena tana cewa ƙasa-ƙasa, Ladi zauna, kin haukace ne? Na buɗe baki:

"Akwai gyara, Baba. Tabita 'yata ce. Ni na haife ta, a ɗakin can na bayan tasha. Ni, Hannatu."

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda yarinyar ta waiwayo tana neman wanda ya kira ta, ta dubi wannan ta dubi waccan, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan murya ba. Da idonta ya sauka a kaina sai ta yi sauri ta mayar da shi kan Rahila. Littafin waƙa ya suɓuce daga hannun Rahila ya faɗi. Yarinyar ta sunkuya ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta mayar mata, ta kuma riƙe hannunta ba ta saki ba. Rabaran ya tambayi babanku ko haka ne, ya ce haka ne, kansa a ƙasa.

"To," in ji Rabaran, "ba a goge abin da aka rubuta a littafin ikkilisiya. Zan kwafa yadda na same shi, in ja layi a kai, in rubuta gyara a gefe in sa hannu."

A gida na sha abin da na sha. Kaka ta ƙi cin tuwona, ta zauna a ƙofar ɗaki tana faɗa wa duk mai wucewa:

"Yau na ga abin da ya fi ƙarfin idona. Mace ta miƙe cikin maza ta kira sunan 'yar fari gatsal. Gobe sai ta kira na mijinta, jibi ta kira nawa."

Babanku mutum ne mai sanyi, amma ranar ya ce, "Na riga na ba Malam Istifanus magana. So kike in yi amai in lashe?" Na ce ni ban ba kowa magana ba. Tun da muka yi aure ban taɓa mayar masa da zance ba sai ranar.

Washegari da la'asar sai ga sallama. Rahila ce, ɗauke da akwatin ƙarfe, yarinya na bin ta a baya. Ta ajiye akwatin a tsakar gida. Idonta ya kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Ladi, ga 'yarki. Ban taɓa cewa ni na haife ta ba. Da kin same ni a ɗaki mu biyu, da ba sai an kai gaban jama'a ba."

Na ce, "A ɗaki? Shekara nawa kina kiran sunanta a kunnena, kin taɓa tambayata yadda nake ji?"

Ta ce, "Na ɗauka ba ki damu ba. Kowa haka ya ɗauka." Ta ɗan dubi yarinyar. "Ita ma haka ta ɗauka."

Ta juya ta fita, ba ta waiwayo ba. Na yi nasara ke nan. Na tsaya a tsakar gida da 'yata da akwatinta, ban san abin da zan ce mata ba, sai na ce ke, shigar da shi ɗaki.

Waɗanda suka yi wayo a cikinku za su tuna zaman da ta yi da mu, na 'yan makonnin da suka rage kafin su Malam su tashi. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta yi rashin kunya ba, da ma ta yi. Da safe ta durƙusa ta ce kun tashi lafiya, kamar ta zo gidan surukai. Ta yi shara, ta ɗebo ruwa, in an ba ta tuwo ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi ta gode. Ba ta taɓa kome sai ta tambaya. In Rahila ta fito shanya a ƙetaren dogo sai ta juya wa wajen baya da gangan, don kada in ga tana kallo, ni kuwa juyawar ta fi kallon ciwo. Na yanka mata kaza, na saya mata ɗankunne a hannun 'yan koli masu dawowa daga kasuwar Maigatari, ta karɓa da hannu biyu ta sa a akwati. Sunan kuwa ban sake iya kira ba. Ya zo har baki, in ga Kaka zaune, sai in ce ke.

Ran nan na ce ta zo in yi mata kitso. Tun tana goye rabon da in sa hannu a kanta. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, na tsefe, na fara tsaga. Ina cikin ja sai ta ɗan noƙe. Na buɗa gashin na ga tabo a bayan kunnenta, dogo, da alamar ɗinki.

"Me ya same ki a nan?"

"Faɗowa na yi daga mangwaro, lokacin da muka je hutu Zariya. Tun ina aji biyu." Sai ta ce a hankali, "Ku yi haƙuri, Inna, kada ku ja wurin. Mama takan kauce masa."

Na ci gaba da kitson, na kauce wa wurin. Hannuna yana aiki, raina yana tafasa. An fasa wa 'yata kai, jini ya zuba, an ɗinke, ya warke, gashi ya rufe shi shekaru, ni ina ƙetaren dogo ina zana suna a toka ban sani ba. Wata ce ta riƙe ta ana ɗinkin, wata ta san inda ake kaucewa. Na ji kishin matar nan kamar in mutu. A kan wannan kan da nake kitsawa na gane littafi ya ba ni abin da zai iya ba ni, sauran yana hannun Rahila, kuma ba Rabaran ɗin da zai ja layi a kansa. In na riƙe yarinyar, baƙuwa zan riƙe, ga makaranta ta wuce ta, ta girma tana gaishe ni da ladabi tana juya wa taga baya.

Ranar tafiyarsu ban gaya wa kowa ba. Na ce ta yi wanka ta sa rigarta mai aljihu, na ɗora akwatin a kaina, na tasa ta a gaba muka nufi tasha. Kaka ta biyo mu da sandarta tana tambaya ina za mu, babanku ya bar aiki ya taho. Mutanen coci duk sun zo rakiya. Rahila tana tsaye kusa da keken ɗinkinta da aka ɗaure da igiya. Na sauke akwatin a gabanta.

"Ba don ke na kawo ta ba," na ce.

"Na sani."

"Aro na ba ki. Kuma katin nan, sunana ke kai."

"Sunanki ke kai, Ladi. Ni da kaina zan nuna wa duk wanda ya tambaya."

Ta kama hannuna da hannu biyu tana kuka. Na bar mata hannun, amma ban yafe mata kirkinta ba. Yarinyar da ta yi makonni kamar marar lafiya, sai ga ta tana tsalle tana taya loda kaya. Wannan ma na gani, na haɗiye.

Da suka shiga, yarinyar ta leƙo ta taga ta yafuto ni. Na matsa. Ta sunkuyo ta ce, yadda ba mai ji sai ni:

"Inna, ran nan a coci, ban ji sosai ba."

Na gane abin da take roƙo. Na buɗe baki. Ga Kaka a gefena, ga babanku, ga rabin gari. Ƙarfin da ya ɗaga ni a coci kishi ne, ranar kuwa ba abin da ya rage mini sai kunya. Na ce:

"Ke, ki kula da akwatinki."

Jirgi ya ja.

Sauran kun sani. Ta yi karatu, ta yi aiki, ta yi aure a can. Tana zuwa mana Kirsimeti da buhun shinkafa, ta durƙusa ta gaishe ni. 'Yarta ta fari ta sa mata suna Rahila, tana kuma kiran sunan gaba-gaɗi ba kunyar kowa. A hannun yayarku Malama ta cika, ita ta rufe mata ido. Ni da zan mutu a Gagarawa, ban san a hannun wa ba. In kun ce har yau ina kishin wadda ke kabari, ba ku yi ƙarya ba.

Wanda ke shakka a cikinku ya je coci ya ce a buɗe masa littafin. Zai ga an ja layi a kan Rahila, an rubuta Hannatu a gefe da ƙananan baƙaƙe. Layin siriri ne, sunanta na nan ana karantawa sarai, ya ma fi nawa girma. Na taɓa roƙon Rabaran ya ƙara masa tawada, ya ce doka ba ta yarda ba.

In kun gama karanta wannan, ku kai wa yayarku Zariya. Kaka ta daɗe da tafiya, babanku ma haka, ba sauran wanda zan ji kunya. Ke kuma, kin ce ba ki ji sosai ba. To ga shi da hannun da matar can ta koya wa rubutu, ki duba ki ƙara dubawa: Tabita. Tabita, 'yata.